Kurata a teburin wasan yaƙi: yadda ake rubuta wa ƙaramin soja doka

Asabar ɗin da ta wuce a zauren gidanmu nan Tudun Wada muka share awa biyu da rabi a kan wasan da bai kamata ya wuce minti arba'in ba, har aka kira magariba ba mu gama ba, kuma ba dodon wasan ne ya ci mana lokaci ba, ba jaruman ba ne, kurata ne. Ƙananan sojojin nan da ba su da suna. Kowannenmu yana da goma sha biyu, kowane ɗaya da katinsa, da ransa guda biyar da ake ragewa da fensir, da makaminsa daban, sai ya zamana rabin wasan duk tambaya ce, "Yaya wannan mai mashin nasa rai nawa ya rage?" sai a tsaya a duba takarda, a goge, a sake rubutawa. Ƙanena da ya fi kowa ɗoki da farko sai ga shi ya jingina da bango yana latsa waya. Tun ranar nake juya maganar a raina, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta.

Ga wanda bai san wasan ba, teburi ne ake shiryawa kamar ƙafa uku-uku ko huɗu-huɗu, a jera gine-gine da ganuwa da duwatsu na kwali, kowane ɗan wasa ya zo da 'yan sojojinsa na roba ko na ƙarfe, tsawon kowanne kamar milimita 28 zuwa 32, a auna tafiyarsu da tef a inci, in an gwabza a jefa dais a ga wa ya yi nasara. Ba caca ba ce, ba a sa ko sisi, lissafi ne da dabara irin na dara, sai dai shi akwai labari a ciki. Mu nan ba shagon da ake sayar da su, don haka marfin kwalba ne sojojinmu, sai 'yan kaɗan da wani abokinmu mai karantar zane-zane a Samaru ya murza mana da yumɓu. Wasan iri biyu ne. Akwai na manyan runduna inda sojoji ashirin ko talatin suke tafiya a dunƙule kamar bulo ɗaya, akwai kuma na ƙaramar arangama inda kowa yake da mutum biyar zuwa sha biyar kuma kowane mutum ɗaya yana tafiya da ƙafarsa. A na biyun nan ne matsalar kurtu take.

Don a babbar runduna ba ruwan kowa da soja ɗaya, adadi ne kawai, an kashe uku a cire uku daga layin baya shikenan. Amma da zarar ka ce kowa zai yi motsi shi kaɗai to dole doka ta faɗi wane ne shi. In ka ba shi duk abin da ka ba jarumi, wasa ya yi nauyi irin namu na Asabar. In kuma ka mayar da shi ba komai ba, sai ya zama ciyawa, jarumi ya bi ta kansu yana sara, mai wasa ya tambayi kansa to me ya sa ma na kawo su. Abin da na yi imani da shi bayan duk wannan shi ne kurtu ya kamata ya yi sauƙi a takarda amma ya yi nauyi a teburi, kuma waɗannan abubuwa biyu ba sa faɗa da juna in an san inda za a sa hannu.

Tsohuwar magana ce fa. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a Amurka, wasan yaƙin zamanin takobi da sulke, a ƙarshensa suka liƙa wani ɓangare na dodanni da matsafa, kuma a nan aka auna jarumi da mudun kurtu: jarumi ɗaya daidai yake da soja huɗu, babban jarumi kuma takwas. Kafin kurata su kashe jarumi sai an same shi sau huɗu a lokaci guda. Yi lissafin da kanka, in kowane sara rabi da rabi ne ya samu ko ya kuskure, mutum huɗu su same shi gaba ɗaya sau ɗaya ne cikin goma sha shida, mutum uku kuwa ko su kwana suna sara ba abin da za su yi masa. Daga wannan ɓangaren wasan jarumai na Dungeons & Dragons ya fito a 1974, daga nan kuma hankalin kowa ya koma kan jarumi, kurtu ya zama abin awo kawai.

To bari mu fara da rai, tunda shi ya kashe mana Asabar. Hanya mafi tsafta ita ce kurtu ransa ɗaya, an same shi ya faɗi, a ɗauke shi daga teburi. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons da ya fito a 2008 ya yi wannan ƙarara, akwai wasu ƙananan abokan gaba da ransu ɗaya tak amma saransu yana ciwo kamar na kowa. Wasan Middle-earth na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fara a 2001, shi ma yawancin sojojinsa na ƙasa rai ɗaya gare su, jarumai ne ke da biyu ko uku da wasu maki na musamman da suke kashewa su gyara dais. Mutane suna jin rai ɗaya sai su ce ai an raina kurtu, ni kuma na ce a'a, raini shi ne a hana shi cizo. In kurtu yana samun jarumi da 4, 5 ko siki, wato rabi, to uku in suka kewaye shi damar aƙalla ɗaya ya same shi bakwai ce cikin takwas. Kaga kenan jarumi mai rai uku ba zai faɗa tsakiyarsu da ka ba, sai ya nemi lungu ko bakin ƙofa inda ɗaya-ɗaya za su zo masa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai a fili, a cikin lungu irin na cikin birni wajen Kwarbai inda mutum biyu ba sa jerawa, sarkin ƙarfi ne da gari. Da doka ta kawo wannan tunanin, kwalayen da muka yanka muka jera sun fara aiki kenan, ba ado ba ne kuma.

Wasan Frostgrave na Joseph McCullough, wanda kamfanin Osprey suka buga a 2015, bai bi rai ɗaya ba, sojojinsa suna da rai wajen goma zuwa sha biyu da ake ragewa, amma ya tsira ne saboda mutum goma ne iyaka, matsafi da yaronsa da soja takwas, kuma dais mai fuska ashirin ake jefawa, kowa ya jefa ya ƙara ƙwarewarsa, wanda ya fi ya ci, a cire sulken wanda aka sara daga jimillar, abin da ya rage shi ne rauni. Faɗin ashirin ɗin nan yana sa ɗan daba mai gora ya iya kayar da barde mai sulke in ranarsa ce, sannan duk abokin da ya tsaya kusa yana taya ka faɗa yana ƙara maka 2. Wannan ƙarin 2 ɗin ina ƙaunarsa wallahi, layi ɗaya ne a littafi amma ya ba kurtu dalilin tsayawa kusa da ɗan'uwansa.

Sai babbar magana, wadda na ga mutane ba sa lura da ita sai sun ƙone, wato wa zai motsa kuma yaushe. In dokarku ita ce ni in motsa duk mutanena sannan kai ka motsa naka, mai kurata ashirin zai bar abokin wasansa zaune minti goma yana kallon silin. In kuka ce a'a ɗaya-ɗaya za a riƙa yi, ni ɗaya kai ɗaya, sai wata ɓarakar ta ɓullo: mai mutum sha biyar zai riƙa tura ƙananan nan gaba da baya ba don komai ba sai don ya ƙarar da motsin mai mutum shida, in wancan ya gama nasa kaf sai shi kuma ya fito da manyansa su yi abin da suka ga dama ba mai mayar musu da martani. Kurtu ya tashi daga soja ya zama kati na ɓata lokaci. An yi min wannan sau biyu a jere kuma wanda ya yi bai karya doka ba, dokar ce ta ba shi.

Hanyoyi biyu na gani da suka magance wannan da kyau. Frostgrave ya raba zagaye kashi-kashi, matsafi ya fara, kuma yana iya jan soja har uku da ke cikin inci uku da shi su motsa tare, sai yaronsa shi ma haka, sai sauran sojojin da ba su kusa da kowa su motsa daga baya, sai dabbobi da dodanni. Wato kurtun da ke kusa da maigidansa yana riga na nesa, kai kuma kullum kana cikin zaɓi, in tara su a jikina su yi sauri amma tsafi ɗaya ya kwashe mu gaba ɗaya, ko in baza su su makara. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya san hoton nan, hakimi a kan doki, zagage da 'yan baka da masu bindigar toka a ƙasa kewaye da shi, in ya motsa su motsa, ba wanda ke tafiyarsa shi kaɗai.

Ta biyun ita ce ta Song of Blades and Heroes, na Andrea Sfiligoi ɗan Italiya, 2007. Shi kowane soja lamba biyu kawai gare shi, inganci da iya faɗa. In za ka motsa mutum kai za ka zaɓa dais ɗaya za ka jefa ko biyu ko uku, kowane wanda ya ci motsi ɗaya ne, amma in biyu suka faɗi to yinka ya ƙare, wasa ya koma hannun abokin gaba ko da sauran mutanenka ba su motsa ba. Kurtun da ke buƙatar 4 zuwa sama in ka jefa masa uku, rabi da rabi ne ka rasa yinka, in biyu ne ɗaya cikin huɗu, in ɗaya ne ba ka rasa komai sai dai ba zai yi nisa ba. Wanda ke buƙatar 3 kuwa ko uku ka jefa masa haɗarin bakwai ne cikin ashirin da bakwai. Ka ga yadda lamba ɗaya ta bambanta gogagge da sabon shiga ba tare da an rubuta shafi guda ba, kuma mai taron kurata ba ya samun motsi kyauta, kowane ɗaya da ya taɓa sai gabansa ya faɗi.

Farashi zan wuce shi da sauri don lissafi ne zalla, amma akwai tarko ɗaya. Frederick Lanchester, injiniya ɗan Ingila, ya nuna a 1916 cewa in harbi ake daga nesa ƙarfin runduna yana tafiya ne da adadinta sau kansa, goma a kan biyar ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Don haka ɗan baka mai araha shi ne abu mafi haɗari a duk littafin doka. Masu Mordheim, wani wasan ƙaramar arangama da zan zo kansa, sun san abin da rundunar ɓerayen cikinsa da ake kira Skaven suke yi in suka cika ashirin kowa da majajjawa. Wasan Middle-earth ya yanke cewa a yawancin runduna masu baka kada su wuce kashi ɗaya cikin uku. Mu ma tarihinmu ya faɗa mana, a Tafkin Kwatto a 1804 'yan baka na ƙasa ne suka karya dawakin Gobir. A sa wa baka iyaka kawai, a wuce.

Inda zuciyata take shi ne abin da ke faruwa bayan an tashi daga wasa, in ana yin jerin wasanni da runduna ɗaya mako bayan mako. A nan Mordheim na 1999, wanda Tuomas Pirinen ya jagoranci rubutawa, har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Ana ba ka zinariya 500 ka ɗauki mutane, an raba su gida biyu, jarumai waɗanda ba sa wuce shida, da yaran gida. Yaran gidan nan ana ɗaukarsu ne rukuni-rukuni, mutum ɗaya zuwa biyar, makaminsu iri ɗaya, layinsu ɗaya a takarda, gogewarsu tare suke samu, in rukuni ya ƙaru duka sun ƙaru. Kaga an kashe matsalar fensir kenan. In jarumi ya faɗi a fili, bayan wasa ana jefa masa dais biyu a duba dogon jadawali, ko ya rasa ido, ko ƙafa ta samu matsala, ko an kama shi, mutuwa biyar ce kawai cikin talatin da shida. Yaron gida kuwa dais ɗaya, 1 ko 2 ya mutu da kayansa, 3 zuwa siki ya tashi. Ɗaya cikin uku. Da zafi, kuma haka ya kamata, don kuɗin da ka sa a takobinsa ya tafi, gobe za ka yi tunani kafin ka tura wani bakin dodo don kawai ya tare hanya.

Amma abin da ya sa nake cewa ba a kama ƙafarsa ba wani layi ne a jadawalin ƙaruwar yaran gida, in dais biyu suka ba da 10, 11 ko 12, wato sau ɗaya cikin shida, sai a ce yaron nan yana da baiwa, a ciro mutum ɗaya daga rukunin ya zama jarumi, a ba shi layinsa, ya fara koyon dabaru. Ƙofa ce 'yar ƙarama amma a buɗe take, kuma saboda ita kowane mara suna a rundunarka kana kallonsa da wani ido. Frostgrave ya rufe wannan ƙofar, a ainihin littafin sojoji ba sa samun gogewa sam, matsafi ne ke girma, su ana sallamarsu a ɗauki waɗanda suka fi su in kuɗi ya samu, a bugu na biyu na 2020 ma ɗan daba da ɓarawo kyauta ake ɗaukarsu, ƙwararru kuma ba sa wuce huɗu. Na fahimci dalilin, sauƙi ake nema, kuma ya rama musu ta wani wajen tunda wasan na kwasar dukiya ne, wanda ya ɗauki akwati tafiyarsa ta ragu da rabi, ba za ka so matsafinka ya zama ɗan dako ba, don haka ɓarawon nan na kyauta shi ne yake fita da abin da aka zo nema. Aiki ne na gaske, ya fi a ƙara masa lambobi goma. Duk da haka ni dai ina ganin an rage wani abu, mutum ya yi maka dako wasa takwas bai mutu ba kuma yana nan yadda ka ɗauko shi.

Karaya ita ce ɗaya hanyar da kurtu ke yin nauyi ba tare da takarda ba. A Mordheim da zarar kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenka sun faɗi, kowane zagaye sai ka gwada zuciyar shugaba da dais biyu, in ya faɗi kowa ya ranta a na kare, wasa ya ƙare. Mai mutum sha biyu uku ne za su faɗi ya fara rawar jiki, mai sha uku sai huɗu, shi ya sa za ka ga gogaggu suna ƙara ɗan kurtu ɗaya mai araha don wannan kawai. A nan faɗuwar ƙaramin soja da ta babban jarumi duk ɗaya ake ƙirga su, kuma wannan ya dace, don wanda ke tsaye a sahu in na kusa da shi ya faɗi ba ya tambayar muƙaminsa.

To ga abin da muka tsayar a zaure bayan doguwar gardama, a wasanmu da muka gina a kan wani tsohon birni mai ganuwa da dodo ke kwana a rijiyarsa. Kurata rukuni ne na uku-uku, kati ɗaya, lamba biyu, rai ɗaya. Rukunin da ke cikin inci huɗu da barde yana motsawa tare da shi a matsayin motsi ɗaya, wanda ya yi nisa sai ya jefa dais kafin ya ji umarni. Duk wanda ya taya ɗan'uwansa faɗa yana ƙara 1. Barde ba ya ɗaukar kaya, ba ya buɗe ƙofar gari, ba ya jan guga, wannan aikin dakaru ne. 'Yan baka rukuni ɗaya tak. Wanda kuma ya kayar da barde ko ya fita da dukiya, ana ɗiga masa jan farce a marfinsa, ɗigo uku ya samu suna da katinsa.

Wannan na ƙarshen ƙanena ne ya kawo shi, kuma a kansa muka fi daɗewa. Abokinmu na Samaru ya ce, "Malam, in kowa zai iya zama barde ai bayan wata biyu mun koma gidan jiya, kati goma sha biyu da fensir." Gaskiyarsa ne, shi ya sa muka ce masu suna ba za su wuce huɗu ba a runduna, in na biyar ya cika ɗigo uku sai ya jira gurbi. Ƙanena bai yarda ba, akwai wani marfin lemo mai lanƙwasa a gefe da yake cewa tun wasan farko shi ne ya tsare masa bakin ƙofa, ya ɗaga shi sama ya ce, "Yaya, wannan ko gurbi ko ba gurbi sai na sa masa suna." Mun bar shi a kan zai iya kiransa duk abin da ya so amma kati sai gurbi ya samu, Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu gwada dokar da agogo a gefe mu ga ko za mu tashi kafin magariba.